'Yar Taɓaryar Kujerar Larai

Nagoda masassaƙi ba haifaffen Zariya ba ne. Daga wani ƙauye na ƙasar Kano ya taso, 'yan shekaru bayan jirgin ƙasa ya fara shigowa, gizago a kafaɗa, matarsa Larai tana biye, ya zo neman inda ake sayen turmi da daraja. Aka nuna musu Tudun Wada, inda baƙi ire-irensu ke kama wuri. Ya tayar da ɗaki biyu da zaure, ya kafa rumfa a gindin wata ɗorawa, a nan ya shekara arba'in yana sassaƙa turmi da taɓarya da akushi da allo da ƙotar fartanya. In ka cire maganar kujerar nan, babu wani abu da ya taɓa samunsa wanda zai sa mutum ya gyara zama don ya ji.

Mutum ne mai tsoron haƙƙi, har tsoron ya yi masa yawa. A wurin maigidansa ya samo halin, wani tsoho Baba Sabo wanda ya koya masa sana'a tun a ƙauye. Dokar tsohon ita ce, duk abin da ka gani a hannun wani masassaƙi ya ba ka sha'awa, ko da yadda yake fitar da bakin akushi ne, ba ka da ikon kwaikwaya sai ka je ka durƙusa da goro, ka ce ka ga aikinsa kana so. In ya ce ya ba ka, ya zama naka da albarkarsa. In kuwa ka ɗauka da ido ka yi shiru, duk abin da ka sassaƙa da wannan dabara sai ya tsage a hannun mai amfani da shi. Sauran waɗanda suka koya a wurin tsohon sun daɗe da watsar da zancen. Nagoda kaɗai ya riƙe shi kamar karatun salla.

Larai ƙosai take soyawa a ƙofar gida. Shekara takwas da zuwansu wani ciwo ya kwantar da ita wata biyu, da ya tashi tafiya ya tafi da ƙafafunta. Kowa ya ɗauka suya ta ƙare, ita kuwa ta ce ba da ƙafa take ɗiban ƙullu ba. Kullum da safe Nagoda zai ɗauko ta ya ajiye a tabarma, kasko a gabanta, ƙwaryar ƙullu a dama, itace a hagu, masu saye su kewaye ta ta ko'ina. Wahalar ita ce juyawa. Duk sa'ad da za ta waiwaya sai ta sa hannu biyu ta ɗaga ƙafa ɗaya ta ajiye, ta ɗaga ɗayar, sannan ta ja jiki, kafin nan ƙosan da ke cikin mai ya yi baƙi. Ƙafafun ne dai suka mutu, bakin yana nan da ransa, kuma Nagoda ne ke shan yawancin abin da ke fitowa daga cikinsa.

Cikin masu sayen ƙosanta akwai Malam Habila, Kirista ne, ya yi karatu a wurin 'yan mishan, yana aikin akawu a wani kamfanin Turawa mai sayen fata kusa da tasha. Wata rana da hantsi sai ga shi da lebura biyu ɗauke da wata kujera. Ta Baturen ofishinsu ce, ta lalace, kafintan reluwe kuwa aiki ya yi masa yawa.

Nagoda ya kewaya ta sau uku bai taɓa ba. Kujera ce mai majingina da wurin ɗora hannu, amma a ƙarƙashinta ƙarfe ɗaya tak ya riƙe ta, shi kuma ya sauka kan ƙafafu huɗu da suka baje kamar na kaza. Ya sa yatsa ya ɗan tura, kujera ta juya ta ba shi baya. Ya ja da baya shi ma.

"Na ga ciwon," in ji shi. "Ta kwance gaba ɗaya. Ƙusa huɗu zan buga mata a nan, ba za ta sake motsi ba."

Habila ya yi dariya har da riƙe ciki. "Baba, kada ka kuskura. Juyawar nan ita ce kujerar. Ƙafa ɗaya ce ta tsage, ga ta nan."

"Da gangan aka yi ta haka?"

"Da gangan."

"Mutum yana zaune tana yawo da shi?"

"Shi ke juya ta. In yana rubutu a tebur, ya so ɗauko takarda a bayansa, ba sai ya tashi ba."

"Ba shi da lafiya ne, Baturen?"

"Lafiyarsa ƙalau."

Kan Nagoda ya ɗaure. Tun da ya fara sana'a abin da ya sani shi ne, kujerar kirki ita ce wadda ba ta motsi, masassaƙin da kujerarsa ta girgiza kuwa ya ji kunya. Ga wasu mutane sun zauna sun ɓata basirarsu don kujera ta yi abin kunya, har an ɗoro ta a jirgin ruwa, saboda ƙato mai ƙafa biyu lafiyayyu yana ƙyashin tashi. Yana cikin wannan tunani sai ya ji muryar Larai daga ƙofar gida tana faɗa da wani mai saye da ya tsaya mata ta baya, tana cewa ya zagayo mana, ita jaka ce da za ta yi ta birgima dominsa? Nagoda ya sake duban ƙarfen nan na ƙarƙashi, ya daɗe yana dubansa.

Gyaran ƙafa aikin wuni ɗaya ne, amma kwana tara kujerar ta yi a rumfarsa. Ya kife ta, ya leƙa, ya shafa, ya juya ta hagu ya juya ta dama har maƙwabta suka fara tambayar ko lafiya. Ba shi da ƙarfe, ba shi da maƙerin da zai iya irin wannan. Sai ya ɗauko gindin wani tsohon turmi ya daidaita shi, ya rage masa tsawo har bai fi tafin hannu biyu ba, ya huda rami a tsakiya. Ya sassaƙa faffaɗan katako mai kewaye, wanda mutum zai zauna ya naɗe ƙafafunsa a kai, shi ma ya yi masa rami a ƙasa. Sannan ya fere guntun icen kirya, santsi kamar ƙwai, rabinsa ya shiga ramin ƙasa rabi ya shiga na sama, ya shafe shi da man kaɗe. Wannan guntun ice shi Larai ta sa wa suna 'yar taɓarya.

Ranar da ya ɗora Larai a kan kujerar, da masifa ta fara, wai so yake ya ƙarasa ta. Ta dafa ƙasa don ta gyara zama, sai ta ga ƙwaryar ƙullu ta zo gabanta da kanta. Ta sake dafawa, ga itace. Ta tura da ƙarfi, ta kewayo gaba ɗaya, ta ga ɗorawa, ta ga hanya, ta ga zaure, ta dawo kan mijinta yana tsaye baki buɗe. Shekara huɗu ke nan ba ta ga bayanta da sauƙi haka ba. Ta fashe da dariya, hawaye yana zuba, ta ce ashe kan nan nasa ba don ɗaukar hula kaɗai aka yi shi ba. Nagoda bai taɓa jin daɗi irin na ranar ba.

Sati uku aka yi ana cikin wannan daɗi. Sai wata safiya Habila, yana cin ƙosai a tsaye yana kallon Larai tana shawagi tsakanin kasko da ƙullu, ya ce cikin raha, "Baba, Allah ya sa mai kujera bai ji labari ba."

"Baturenku? Ai na mayar masa da kayarsa."

"Ba shi ba. Ba ka ga wani ɗan jan ƙarfe da aka manna a ƙarƙashinta ba, mai rubutu da lamba? Sunan wanda ya ƙago ta ne, can Ingila. Hukumar ƙasarsu ta ba shi takarda cewa dabarar tasa ce, ba mai yin irinta sai da izininsa."

Nagoda ya ajiye gizago. "To kujerar ta wace ce? Ta Baturenku ko ta wancan?"

"Kujerar ta Baturenmu ce, ya saya. Juyawar ce ta wancan."

"Ya sayar da kujera ya riƙe juyawa?"

"Kusan haka."

"Amma ai tana juyawa a ofishinku."

"Tana juyawa. Wannan juyawar ya sayar. Sauran ne bai sayar ba."

"Waɗanne sauran?"

"Waɗanda ba a yi ba tukuna."

Nagoda bai gane yadda mutum zai mallaki juyawar da ba a yi ba tukuna, har yau kuma ba kowa zai ce ya gane ba. Amma ƙarƙashin duk wannan ruɗani ya tsinci abu ɗaya da ya sani sarai. Dabarar tana da mai ita, mutum ne mai suna, kuma shi Nagoda ya ɗauka da ido ya yi shiru. Da can ya ɗauka kayan Turawa haka suke fitowa daga jirgi, ba uwa ba uba. Ya waiwaya ya ga Larai zaune a kan abin da ya sata, mai yana tafasa a gabanta.

Da azahar ya tafi wurin Malam Mika'ilu, limamin unguwa, ya zube ya ce ya yi sata.

"Subhanallahi. Ka shiga gidan mutum?"

"A'a, Allah ya gafarta Malam. Gidan yana Ingila."

"To me ka ɗauka?"

"Juyawa."

Malam ya nemi a sake masa bayani tun daga farko, aka sake. Ya tambaya ko kujerar mutumin ta daina juyawa tun da aka yi ta Larai, Nagoda ya ce ba ta daina ba, shi ma ya gyara mata ƙafa, kuma ba ta mutumin ba ce ma, ta wani ce. Ya tambaya wa ya kawo kuka, Nagoda ya ce ba kowa, mai abin bai san yana duniya ba. Malam Mika'ilu ya daɗe yana shafa gemu. Ya ce shi dai ya karanta hukuncin wanda ya ɗauki raƙumi da wanda ya ɗauki tufa, bai taɓa cin karo da wanda ya ɗauki abu kuma abin yana nan inda yake ba. Don ya rabu da shi lafiya sai ya ce, in zuciyarsa ba ta kwanta ba, ya nemi mai shi ya yafe masa. Malam bai san abin da ya ɗaure da wannan magana ba.

Nagoda ya dawo ya tarar Larai tana ɗaki tana hutawa, kujera tana zaure. Ya ɗaga saman, ya zare 'yar taɓarya, ya goge man, ya jefa ta cikin burgamin kayan aikinsa. Ba tare da ita ba kujerar ta zama katako biyu da ba sa zama kan juna. Washegari da ya ɗauko Larai ya nufi tabarma da ita, ta tambaya ina kujerarta. Ya ce aro ce, sai mai ita ya yarda. Ta ce wane mai ita? Ya fara bayanin Bature da wancan na Ingila da juyawar da aka sayar da wadda ba a sayar ba, ya rikice a tsakiya, ya koma farko. Ta dube shi kawai, ba ta yi masifa ba, wannan kuwa ya fi ba shi tsoro.

Habila da ya ga abin da bakinsa ya jawo, ya yi ta roƙo. Ya ce rabin maganar wasa ce. Ya ce ba wanda zai taso daga Ingila saboda gindin turmi. Ya ce shi kansa bai sani ba ko takardar tana aiki a ƙasar nan, ko ma wa'adinta ya daɗe da cika, don ya ji ana ɗiba musu shekaru.

"Ba kamu nake tsoro ba, Malam Habila," in ji Nagoda. "In ta tsage da Larai a kai fa, ga mai a wuta?"

Da Habila ya ga ba zai tanƙwaru ba, sai ya yarda ya rubuta masa wasiƙa da Turanci zuwa ga sunan da ke jikin jan ƙarfen. Nagoda yana faɗa yana rubutawa: gaisuwa mai yawa, da tambayar iyali da yadda ruwa ya yi a wajensu, sannan cewa shi masassaƙi ne ɗan'uwansa a sana'a, ya ga aikinsa ya yaba, yana roƙo a ba shi guda ɗaya tak, ta ice, saboda mace marar ƙafa. Ya sayo fararen goro ya naɗe a ganye ya cusa cikin gwangwani. Ma'aikacin gidan waya ya ce kafin goron ya kai zai zama tsakuwa. Nagoda ya ce ba a zuwa irin wannan roƙo hannu rabbana, aka manna kan sarki aka aika.

Damina ta sauka. Ƙasar ƙofar gida ta jiƙe, tabarma ta riƙa shan ruwa, Larai ta koma ɗaga ƙafa da jan jiki, kuma wanda ya ɗanɗana sauƙi sati uku ya fi jin zafin wahala. Kwankwasonta ya yi gyambo. Nagoda yana gani, abin yana cin ransa, har ya rame. Sau da yawa zai buɗe burgami ya ɗauko 'yar taɓarya ya juya ta a hannu, sai ya tuna fuskar Baba Sabo ya mayar. Duk ranar da jirgin ƙasa ya iso daga Ikko sai ya tafi gidan waya ya tsaya, har ma'aikatan suka daina ɗaga kai in ya yi sallama, sai dai su girgiza masa shi.

A wata na uku, wata safiya Larai ta gaji da ɗaga ƙafa, ta miƙa hannu ta baya don ta jawo itace ba tare da ta juya ba. Gwiwar hannunta ta bugi kasko. Mai ya kwaro mata daga wuyan hannu zuwa damtse. Tun daga ranar ta bar suya, masu saye suka koma wurin wata Talatu a bakin hanya. Nagoda ya zauna a rumfa ya rasa yadda zai auna abin. Ya cire 'yar taɓarya don kada mai ya ƙona ta, ga shi mai ya ƙona ta. Ko hukuncin satar ne ya biyo ta duk da haka? Ko kuwa cirewar ce laifin? Ya tafi wurin Malam Mika'ilu, aka ce Malam ba ya nan, alhali ga takalmansa a ƙofa.

Wata biyar cif sannan amsa ta zo. Habila ne ya kawo ta da la'asar, ambulan babba mai nauyi. Suka zauna a tsakar gida kusa da ƙofar ɗakin Larai, aka farke. Sai ga littafi ya faɗo, cike da hotunan kujeru, masu juyawa da masu kwanciya da masu hannu da marasa hannu, sun fi arba'in. A ciki akwai takarda guda mai layi biyar. Habila ya karanta a zuci, ya sake karantawa.

"Sun ce sun gode da wasiƙarka. Sun yi murna da kana sha'awar kayansu. Ga hotunan duk irin da suke yi, in ka zaɓa ka sanar da su."

"In zaɓi me?"

"Wadda za ka saya."

"Na ce zan saya?"

"Ba ka ce ba."

"Goron fa, ya ci?"

"Ba su ambaci goro ba."

"Shi mai dabarar me ya ce?"

"Ba shi ya sa hannu ba, Baba. Wani ne a madadin kamfani. Ban ma sani ba ko yana da rai."

Nagoda ya karɓi takardar ya juya bayanta, ko akwai saura. Babu komai. "To ya yarda ko bai yarda ba?"

Habila ya dubi takardar da ke hannun Nagoda. Kalma ɗaya zai faɗa komai ya wuce, ba kuma wanda zai taɓa kama shi, don duk unguwar shi kaɗai ke karanta Turanci. Amma shi ma irin Nagoda ne ta tasa hanyar, ƙarya ba ta fita a bakinsa.

"Bai ce e ba, bai ce a'a ba."

Nagoda ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "Watakila ba mu yi bayani sosai ba. Sai mu sake rubuta wata."

"Malam Habila."

Larai ce daga cikin ɗaki. Wata biyu ke nan ba a ji ta ɗaga murya ba, yanzu ma ba ta ɗaga ba.

"Tambayar mini mutumin nan da ke kusa da kai. Da ya sassaƙa kujerar, wa ya ba? Ni ya ba, a gaban mutane. To tawa ce. Wata biyar yana neman izinin wani da bai rasa komai ba, har da goro a gwangwani. Ni da ya zare wa abu ina barci, ya taɓa zuwa ya durƙusa ya tambaye ni? Ga ni nan taku uku daga rumfarsa, ba sai an manna mini kan sarki ba."

Habila ya tattara hotunan kujerunsa ya ce yana da uzuri, ya fice. Nagoda ya daɗe a zaune. Duk tsawon watannin nan yana neman mai haƙƙi a bayan teku, bai taɓa kawo wa ransa ya duba cikin gida ba, kunya kuwa ta rufe shi har ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya tashi ya ɗauko burgami. 'Yar taɓarya ta bushe, ya shafe ta da man kaɗe, ya haɗa kujerar a tsakar gida, ya gwada da hannu. Ya shiga ɗaki ya durƙusa a gaban Larai. Ya ɗauko ta, ya ji ta yi sauƙi a hannunsa ƙwarai, ya ɗora ta a kan kujerar, ya naɗe mata ƙafafu.

Larai ta dafa ƙasa da hannun da ya ƙone, ta cije leɓe, ta tura a hankali. Kujera ta juya lafiya lau, ba ƙara ba girgiza. Da ta kai inda bayanta ke fuskantarsa sai ta tsayar da ita, ta zauna tana kallon katanga. Nagoda yana tsaye, man kaɗe a hannu biyu, bai san ko ya tafi ko ya tsaya ba. Har rana ta sauka daga kan katangar ba ta juyo ba.